Waya Ɗaya Ta Isa Yaro Ya Bi Sawun Karatun Aji

Yanzu malami kan turo aikin gida ta WhatsApp, makaranta kan saka kuɗin kwamfuta a cikin kuɗin zango, ga JAMB tun 2015 ta yi sallama da takarda da fensir. Iyaye da yawa da sun ji haka sai su shiga lissafin kuɗin laftop. Ku kwantar da hankalinku, wayar da ke hannunku za ta ɗauki mafi yawan aikin, muddin kun ɗaure ta da abin da ake koyarwa a aji.

1. Ku je wurin malami kafin ku je kasuwa.
Ku tambaye shi darasin da ake kai a wannan makon da kuma inda yaronku yake tuntuɓe, sannan ku nemo abin da zai toshe wannan giɓin kaɗai. Gwamnatin Peru ta taɓa raba wa 'yan firamare ƙananan kwamfutoci dubu ɗaruruwa a shirin One Laptop per Child, amma binciken da aka fitar a 2012 ya nuna yaran sun ƙware a latse-latse, makinsu na lissafi da na karatu kuwa yana nan inda yake. Na'urar da ba ta san darasin yau ba, abin wasa ce mai tsada.

2. Ku fara da na kyauta.
A 2022 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya da UNICEF suka buɗe Nigeria Learning Passport, darussan firamare da na sakandare bisa tsarin karatun ƙasar nan, har akwai waɗanda aka yi da Hausa. Ga lissafi da kimiyya kuma akwai Khan Academy, sai dai da Turanci ne, ya fi dacewa da 'yan sakandare. Duk mai tallar darasi na kuɗi ya jira ku gama da waɗannan tukuna.

3. Ku sauke darasi, kada ku kalle shi kai tsaye.
Kallon bidiyo a intanet shi ke cinye data, kuma yaro sai ya maimaita darasi sau da yawa kafin ya zauna masa. Ku yi amfani da garaɓasar data ta tsakar dare da kamfanonin waya ke bayarwa, ku rage kyawun hoton tunda rubutun allo kawai ake son gani, ku sauke na mako guda a lokaci ɗaya. In kuna da maƙwabta masu yara aji ɗaya da naku, gida ɗaya ya sauke, sauran su karɓa ta Xender, mako mai zuwa wani gidan ya ɗauki nauyi.

4. Waya a hagu, littafi da biro a dama.
Yaro zai iya kallon darasin raba lamba daga farko har ƙarshe yana gyaɗa kai, a ba shi 84 ya raba gida 7 ya tsaya yana kallon silin. Ku koya masa ya tsayar da bidiyon da zarar malamin ya rubuta tambaya, ya yi ta a littafinsa, sannan ya saki ya gani ko amsarsu ta zo ɗaya. A ganina wannan ɗabi'a ɗaya ta fi sabuwar waya amfani, kuma ko sisi ba za ku kashe ba.

5. Ku sa yatsunsa su saba da madannan kwamfuta tun kafin ajin ƙarshe.
Jarrabawar JAMB tambaya 180 ce cikin awa 2, kuma ana iya amsa ta da 'yan maɓallai kaɗan: A, B, C, D don zaɓen amsa, N don wucewa gaba, P don komawa baya. Yaron da ya san amsa amma ranar ce farkon zamansa gaban kwamfuta, hannu na rawa, zai ɓatar da lokaci wajen neman harafi. WAEC ma ta fara jarrabawar kwamfuta ga masu zaman kansu a 2024, don haka abin gaba yake yi. Ku sayi kibod na hannu da 'yar igiyar OTG ku jona da wayar Android, ko ku riƙa biya masa awa ɗaya a shagon kwamfuta ranar Asabar, kuma in JAMB ta buɗe jarrabawar gwaji ku yi masa rajista.

6. Lambar babba za a sa a zauren WhatsApp na aji.
Ku ware lokacin dubawa, misali bayan La'asar, don kada aikin gida ya kwana a ƙarƙashin sanarwar biki da tallar atamfa. Uwar da ba ta yi boko ba ta roƙi malami ya riƙa haɗawa da saƙon murya, yawancinsu ba sa ƙi.

7. In aikin gida ya yi kyau fiye da kima, ku ce ya yi muku bayani da Hausa.
ChatGPT da Meta AI, wanda ke zaune cikin WhatsApp ɗin kansa, suna rubuta insha'i cikin ƙiftawar ido, kuma yaranmu sun riga mu sani. Ba sai kun iya darasin ba: ku rufe littafin ku ce, "To Abba, faɗa mini abin da ka rubuta," nan take za ku gane ko daga kansa ya fito. Ku kuma nuna masa cewa waɗannan manhajoji kan yi kuskure ba tare da ko ɗar ba, don haka littafin makaranta da malami su ne alƙalai.

8. A tsakar gida, ba a ƙuryar ɗaki ba.
Tunda an riga an sauke darasin, ku kashe data ko ku sa wayar a yanayin jirgi kafin ku miƙa, TikTok ba zai sami ƙofa ba. Mai son ƙarin tsaro ya saka Family Link na Google, kyauta ne, yana ƙayyade lokaci da manhajojin da yaro zai buɗe. Ku raba lokacin da agogo, don in aka bar abin haka, babban yaya zai riƙe wayar, ita kuma ƙanwar a tura ta wanke-wanke.

9. Ku yi wa caji tanadi kamar yadda kuke yi wa ruwa.
Da an kawo wuta a fara jona wayar karatu kafin ta kowa. Ƙaramar fitilar sola mai wurin caji ta fi dacewa da gidan 'yan makaranta, don ga hasken rubutu ga cajin waya.

10. Ku bi kadin kuɗin kwamfuta da kuke biya.
A taron iyaye da malamai ku tambaya a fili: sau nawa yaro ke zama gaban kwamfuta a mako, yara nawa ke raba guda ɗaya, kuma da me ake kunna su in babu wuta? Akwai makarantun da ake koyar da kwamfuta da alli, a zana linzamin kwamfuta a allo yara su kwafa, injinan kuwa suna lulluɓe da leda a ɗakin da ke kulle. In iyaye suka haɗa baki suka nemi a sa sa'ar aiki da hannu a jadawalin mako, ko da za su yi karo-karon man janareto, shugaban makaranta zai fi saurare fiye da in mutum ɗaya ya je shi kaɗai.