Darasi na 14: Ahmed Musa da Honda, 'Yan Ƙwallo Biyu

Jama'a, kowa ya san yadda yaranmu suke taruwa a bayan gari da la'asar suna buga ƙwallo, wanda dattawa suke kira tamaula. A Maigatari haka ne, a Gumel da Gagarawa da Sule Tankarkar ma haka ne. A wurinmu wasa ne. Amma a duniya akwai mutanen da ƙwallo shi ne sana'arsu, da shi suke ci, da shi suke sha. Yau za mu karanta labarin biyu daga cikinsu.

Riga biyu

Babban ɗan ƙwallo yana da riga biyu. Ta fari ita ce rigar kulob, wato ƙungiyar da ta ɗauke shi aiki, take biyansa albashi. Ta biyu ita ce rigar ƙasarsa. Kulob ana sake shi, kamar yadda ɗan kasuwa yake barin wannan kasuwa ya tafi waccan. Ita rigar ƙasa kuwa ba a sayenta da kuɗi. Sai an ga ƙoƙarin mutum, sa'an nan a kira shi.

Ahmed Musa

An haifi Ahmed Musa a Jos ran 14 ga watan Oktoba, 1992. Tun yana saurayi ya zo Kano, ya shiga kulob ɗin Kano Pillars. A kakar wasa ta 2009 zuwa 2010 ya ci ƙwallo 18. Babu wanda ya kai shi ci a gasar Nijeriya a wannan shekara.

Labarinsa ya kai Turai. Wani ƙaramin kulob na ƙasar Holan, mai suna VVV-Venlo, ya neme shi cikin 2010. Amma akwai doka: ba a ɗauko yaro daga wata ƙasa a sa shi wasa sai ya cika shekara 18. Don haka Musa ya yi haƙuri ya jira watan Oktoba, sa'an nan ya fara.

Cikin Janairu 2012 ya koma CSKA a birnin Mosko, ƙasar Rasha. Sanyin can ya fi hunturunmu nesa ba kusa ba, har ruwa yakan daskare ya zama ƙanƙara. A can ne ya tarad da wani baƙo ɗan'uwansa.

Keisuke Honda

Wannan baƙo shi ne Keisuke Honda, mutumin Japan. Japan tsibirai ce cikin teku, can gabas mai nisa, gaba da ƙasar Sin. An haifi Honda cikin 1986, wato ya girmi Musa da shekara 6.

Sa'ad da yake yaro, kulob ɗin Gamba Osaka ya ƙi ɗaukarsa zuwa ajin samari. Bai yi fushi ya bari ba. Ya tafi makaranta ya ci gaba da wasa a can, har kulob ɗin Nagoya ya ɗauke shi. Cikin 2008 ya tafi Holan. Ku san kulob ɗin da ya shiga? VVV-Venlo, wanda Musa ya shiga daga baya. Cikin 2010 ya wuce CSKA.

Kun ga ikon Allah. Ɗaya daga Jos, ɗaya daga Japan, harshe ba ɗaya ba, abinci ba ɗaya ba, amma hanya ɗaya suka bi. Sun yi wasa tare wajen shekara biyu, kuma cikin 2013 suka ci gasar Rasha tare.

Daga nan hanya ta rabu. Honda ya tafi AC Milan a Italiya cikin 2014. Musa ya tafi Leicester a Ingila cikin 2016, amma can bai sami sa'a ba, zamansa a benci ya fi wasansa yawa. Ya koma Mosko, ya tafi Saudiyya da Turkiyya. Cikin 2024 ya sake komowa Kano Pillars.

Aikin ƙasa

Musa ya fara sa rigar Nijeriya cikin 2010. Yana cikin waɗanda suka ci Kofin Afirka cikin 2013. Honda kuma yana cikin waɗanda suka ci wa Japan Kofin Asiya cikin 2011.

Gasar da ta fi kowace girma ita ce Kofin Duniya, wadda ake yi sau ɗaya cikin shekara huɗu. Cikin 2014, a Barazil, Musa ya jefa wa Ajantina ƙwallo biyu a raga, ko da yake an ci Nijeriya 3 da 2. Cikin 2018, a Rasha, ya jefa wa Aisilan biyu, Nijeriya ta yi nasara 2 da 0. Ku lura, wannan ya faru ne bayan wahalar da ya sha a Ingila. Ya yi wa Nijeriya wasa fiye da sau 100.

Honda ya ci ƙwallo a Kofin Duniya sau uku a jere. Ya ci Kamaru cikin 2010, da Kwaddibuwa cikin 2014, da Senegal cikin 2018. Dukansu ƙasashen Afirka ne.

Gargaɗi ga iyaye

Ran Alhamis a kasuwar Maigatari kowa ya san dillali da la'adarsa. To, a ƙwallo ma akwai dillalai. Akwai na kirki, akwai mazambata. Idan wani ya zo ya ce, "Malam, ba ni kuɗi in kai ɗanka Turai," kada ka sayar da sa ko gona don maganar baki. Musa da Honda duka a gida suka fara, kulob ya ga aikinsu ya neme su. Ka rubuta ranar haihuwar ɗanka ka ajiye. Kada kuma ka dangwala yatsa a takardar da ba ka san abin da ke cikinta ba.

Tambayoyi

1. Mene ne bambancin rigar kulob da rigar ƙasa?
2. Don me Musa ya jira har watan Oktoba na 2010?
3. Waɗanne kulob biyu ne Musa da Honda duka suka yi wa wasa?
4. An haifi Musa cikin 1992. Shekararsa nawa cikin 2014?
5. Rubuta a allo: Jos, Kano, Holan, Rasha, Japan.