Wa Ya Ƙirƙiro Reza?

Wani mai sauraro daga Nasarawa Burkullu, ƙaramar hukumar Bukkuyum, ya tsinci tsohon gidan reza na ƙarfe a adakar kakansa, yana tambayar asalinsa.

To, Ba'amurke King Camp Gillette ne ya fito da reza mai baki biyu, wadda ake jefarwa in ta dakushe. A 1903 gidajen reza 51 kacal kamfaninsa ya sayar. Lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya aka raba wa sojojin Amurka miliyoyin gidajen reza, daga nan reza ta bazu, har ta iske askar wanzami a ƙasar Hausa.

Masu tara kayan tarihi na neman irin wannan tsohon gidan reza. A tafasa shi, a ɗaura sabuwar reza, zai yi aski sumul.