Janareta a Cikin Mota: Gubar da Ido Ba Ya Gani

A garuruwan ƙasar Ungogo, irin su Fanisau, akan ga tsofaffin motocin bas da 'yan talla suka mayar shago kuma makwanci, sun ɗora musu ƙaramin janareta domin lasifika da fitila. Dabarar tana da amfani, amma akwai haɗari a tattare da ita.

Idan fetur bai ƙone sarai ba, yakan fitar da iskar kabon-monoksaid, wadda ba ta da launi balle wari. Tun a 1857 masanin Faransa Claude Bernard ya nuna cewa iskar tana manne wa himogulobin, wato sinadarin jini mai dakon oksijin. Ƙarfin kamunta ya ninka na oksijin sau 200 ko fiye. Ta haka jini yakan kasa ciyar da ƙwaƙwalwa. Ciwon kai da jiri ne kan fara, sannan barci mai nauyi, wanda ba lalle a farka daga gare shi ba.

Saboda haka wajibi ne a girke janareta a waje, inda iska ke kaɗawa, bakin salansarsa nesa da tagogi, a kuma kashe shi kafin kwanciya. Wanda hayaƙin ya buga, a fitar da shi sarari, a garzaya da shi asibiti.