Sharar Bayan Fage: Goge Fayilolin Wucin Gadi a Kwamfuta

Gabatarwa

'Yan'uwana ɗalibai, a zangon karatun da ya wuce na kusa yin asarar babi guda na kundin digirina. Ina cikin rubuta hirarrakin da na ɗauko a unguwar Hausawa ta garinmu, sai kwamfutata ta ƙi adana aikin, wai babu sauran wuri. Da muka bincika, ashe manhajar da ke sarrafa mini muryoyin ce take barin tarkace duk lokacin da aka ɗauke wuta. Wannan ne ya sa na ga ya dace in kawo mana ɗan darasi a kai, domin mu ga cewa Hausa ma za ta iya ɗaukar irin wannan ilimi.

Ma'anar Kalmomi

Manhajar bayan fage ita ce wadda ke aiki a ɓoye ba tare da an gan ta a fuskar kwamfuta ba, kamar mai tura takardu zuwa na'urar buga rubutu. Fayil na wucin gadi kuwa tamkar takardar gwaji ce: ana amfani da shi, a yar idan an gama. A tsarin Linux ana ajiye irinsu a /tmp ko /var/tmp.

Yadda Manhaja ke Tsayawa

Hanyoyi uku ne. Ta farko, a aika mata saƙon SIGTERM, mai lamba 15. Wannan roƙo ne: "Tattara kayanki ki tafi." Manhaja na iya jin sa, ta rufe fayilolinta, ta goge su, sannan ta fita. Ta biyu, saƙon SIGKILL, mai lamba 9. Wannan kora ce, babu manhajar da ke iya tare shi, balle ta yi shara. Manhajar systemd, wadda ta fito a 2010 kuma take kula da sauran manhajoji a yawancin ire-iren Linux, bisa tsarinta na asali takan aika na farko, ta jira daƙiƙa 90, sannan ta aika na biyu. Ta uku ita ce ɗaukewar wuta, wadda ba ta sallama.

Ke nan sharar lokacin tafiya tana yiwuwa ne a hanya ɗaya tak cikin ukun.

Mafita

1. Manhaja ta yi shara idan ta ji SIGTERM, kuma ta hanzarta kafin wa'adi ya cika.

2. Ta sake yin shara a duk lokacin da ta tashi, domin kwashe abin da mutuwar fuju'a ta bari.

3. Ta keɓe wa kanta jaka guda, don kada ta goge kayan wata manhaja.

4. Idan ta tarar da tsohon fayil mai ɗauke da lambar aikinta, ta duba ko mai lambar yana raye. Rashin yin haka kan sa ta ƙi tashi, tana zaton wata irinta na aiki.

5. Akwai kuma dabara: ta buɗe fayil, ta goge sunansa nan take. Za ta ci gaba da amfani da shi, kuma da zarar ta tsaya, ko ta wace hanya, wurin zai dawo.

Ita ma systemd tana da mai shara, amma bisa tsarin asali sai fayil ya kwana 10 a /tmp, ko 30 a /var/tmp, ba a taɓa shi ba. Kafin nan ma'ajiya na iya cika, kamar yadda tawa ta cika.

Kammalawa

Darasin shi ne a yi shara sau biyu: wajen fita da wajen shiga, domin rigakafi ya fi magani. Ni dai na tsira da babina bayan mun goge tarkacen. Ina roƙon malamanmu da 'yan'uwa su duba kalmomin da na yi amfani da su, wanda ya san waɗanda suka fi dacewa ya kawo mana a fitowa ta gaba.