Zuma ce ko rina? Minti ɗayan farko bayan harbi

'Yan'uwa ɗalibai, da bazara ta shigo za ku ga ƙwari sun yi yawa a bakin famfon hostel da wajen masu zoɓo. Duk wanda ya yi "zuuu" sai mu ce zuma ce. Ni ɗan Araba ne, can bakin iyaka a ƙaramar hukumar Illela, daf da Ƙwanni ta Nijar, kuma a garinmu yaro ma ya san ƙudan zuma daban, rina daban, zanzaro daban. Sanin nan shi ke gaya maka abin yi idan an harbe ka.

Ƙudan zuma gajere ne, kakkaura, jikinsa da gashi-gashi, sau da yawa da garin fure maƙale a ƙafafunsa na baya. Gidansa amyar da ake ratayewa a kan gawo ko tsamiya, ko kogon itace, wani lokaci cikin silin. Rina kuwa sumul take, doguwa, ƙugunta siriri, ƙafafu na reto idan tana tashi. Gidanta kamar takarda yake, tana rataye shi a ƙarƙashin kwano ko bayan taga. Zanzaro shi ne mai ginin laka a bango, wanda aka ara wa sunansa idan mutum ya cusa riga cikin wando. Shi kaɗai yake harkarsa, da wuya ya harbi wanda bai kama shi ba.

To ga inda bambancin yake da amfani. Ƙarin ƙudan zuma yana da ƙananan ƙugiyoyi, don haka yakan maƙale a fata tare da jakar dafin, shi kuma ƙudan ya mutu. Jakar nan tana ci gaba da tura dafi ko bayan ya tafi. Kankare ta nan take da farce ko gefen katin makaranta, kada ka tsaya neman wani abu. Sannan ka bar wurin, domin harbin yana fitar da wani wari mai kama da na ayaba, wanda ke kiran 'yan'uwansa. Rina ba ta barin ƙari. Ba abin da za ka cire, amma ita ɗaya tana iya harbinka sau uku, sau huɗu.

Zumar Afirka faɗa gare ta. 'Yar'uwar tamu ce aka kai Brazil a 1956, ta kuɓuce a 1957, jikokinta suka bazu har Amurka ana jin tsoronsu. Idan taron zuma ya taso maka, kada ka tsaya kaɗa hannu. Ja riga ka rufe fuska, ka ruga a miƙe, ka shiga ɗaki ko mota ka rufe. Kada ka faɗa ruwa, wallahi jiranka za su yi ka ɗago.

Harbi ɗaya ga yawancin mutane zafi ne da kumburi kawai. Wanke da sabulu, ɗora ƙanƙara ko ledar fiya-wata mai sanyi, ka sha farasitamol, ko Piriton idan ƙaiƙayi ya dame ka. Na ga masu shafa laka ko man fetur, ni dai ban yarda da su ba, datti kawai ake ƙara wa wurin.

Abin tsoro shi ne wanda jikinsa bai jituwa da dafin. Idan leɓe ko harshe ya kumbura, numfashi ya yi wuya, murya ta shaƙe, jiri ya zo, ko borin jini ya feso ko'ina, wannan ba na jira ba ne. Allurar adiranalin yake buƙata cikin mintuna. A kwantar da shi, a ɗaga ƙafafunsa, in numfashi ne matsalar a bar shi a zaune, a nufi asibiti mafi kusa. Daga Araba zuwa Sakkwato tafiyar fiye da awa ɗaya ce, don haka babban asibitin Illela ake fara nufa. Haka ma wanda zuma da yawa suka rufar wa, ko da ya ce ya ji sauƙi, domin dafin na iya taɓa ƙoda. Fitsari ya yi duhu, alama ce.

Masu shan lemon gwangwani a bakin aji, ku riƙa leƙawa kafin ku kurɓa. Harbi a cikin maƙogwaro shi ma na asibiti ne kai tsaye. Gidan rina ko zuma a silin ɗin hostel kuma a gaya wa masu kula da ginin, ba aikin jifa da takalmi ba ne.