Ɗalibi a Baƙuwar Ƙasa: Wanne Ne Addini, Wanne Ne Al'ada?

 

Ya 'yan'uwa masu karatun wannan fili, abin da ya jawo darasinmu na wannan mako shi ne wata magana da wani dattijo ya yi mini a nan Bukkuyum bayan mun sauko daga sallar Juma'a. Ɗansa, wanda na koya wa Larabci a aji, ya sami gurbin karatu a wata ƙasar Larabawa, ana ta shirin tafiya. Dattijon nan ya ja ni gefe ya ce, "Malam, ba na jin tsoron ya rasa addininsa, tun da wajen Musulmi za shi. Abin da nake tsoro shi ne ya komo ya tarar dukkanmu ba mu iya kome ba, har da ni da na haife shi." Na ce masa, "Baba, wannan ciwo daɗaɗɗe ne, kuma Larabawan da za shi wurinsu su ma sun sha fama da shi sa'ad da 'ya'yansu suka fara fita karatu ƙasashen waje." Daga nan na ga ya kamata a faɗaɗa maganar, domin ta shafi gidaje da yawa.

Bari mu fara da Balaraben. A cikin 1826 mai mulkin Masar, Muhammadu Ali Basha, ya aika da samari arba'in da 'yan kai zuwa Faransa don su koyo ilmin zamani. Ya haɗa su da wani matashin malami daga Azhar domin ya riƙa yi musu limanci, sunansa Rifa'atu Rafi'u al-Tahtawi, mutumin garin Tahta a kudancin Masar, an haife shi a 1801. Malaminsa, Shaihu Hasanul Attar, shi ya ba da sunansa, ya kuma hore shi da ya rubuta dukkan abin da ya gani. Suka shiga jirgin ruwa daga Iskandariyya, suka yi kamar wata guda bisa teku kafin su sauka Marsiliya, inda aka killace su na 'yan kwanaki kamar yadda ake yi wa baƙi don gudun annoba.

A nan ne ya fara cin karo da abin da bai saba da shi ba, kuma a wurin cin abinci ne. Mutumin da ya tashi yana zama a ƙasa, ana sa hannu a ƙwarya guda, sai ga shi an jera kujeru da tebura, kowa da farantinsa, da wuƙarsa, da cokali mai yatsu, da tambulan ɗinsa, ba mai taɓa na wani. Abin lura shi ne yadda ya ɗauki al'amarin. Ya bayyana shi dalla-dalla kamar yadda ya gan shi, ya zauna ya ci, bai ce an fitar da shi daga addini ba. Shekara biyar ya yi a birnin Faris. Ko da yake limanci aka tura shi, ya duƙufa ya koyi Faransanci har ya zama shi ne mafificin abin da tafiyar ta haifar. Da ya komo gida a 1831 ya shirya littafinsa mai suna Takhlisul Ibriz fi Talkhisi Bariz, aka buga shi a maɗaba'ar Bulaƙ a 1834. A ciki ya yaba wa mutanen Faris saboda tsabtarsu, da son karatu, da yawan ɗakunan littattafai da jaridu, har ya fassara tsarin mulkinsu zuwa Larabci. Amma ya soki rowarsu, da ƙarancin kishin mazansu, da yadda masanansu ke ɗora hankali bisa wahayi. Ma'auninsa guda ne, ya kuwa faɗe shi tun farkon littafin, watau ba zai kyautata kome ba sai abin da bai saɓa wa shari'a ba. Bayan haka ya shugabanci makarantar koyon harsuna a Alƙahira, inda aka fassara littattafai masu yawa, ya rasu a 1873.

Wannan ma'auni da ya riƙe yana da asali a cikin sunna. Ya zo cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik da Buhari da Muslim cewa an kawo wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, gasasshen damo a ɗakin matarsa Nana Maimuna, Halidu ɗan Walidu yana wurin. Da aka gaya masa ko naman mene ne sai ya janye hannunsa. Halidu ya tambaya ko haramun ne, ya amsa masa da cewa ba haramun ba ne, sai dai ba a san shi a ƙasar mutanensa ba, saboda haka ransa ba ya so. Halidu ya jawo ya ci, Annabi yana kallonsa. Ku duba fa, jama'a. Fiyayyen halitta da kansa ya raba tsakanin abin da Allah Ya hana da abin da mutum bai saba da shi ba tun daga gida. Da ya yi shiru bai yi bayani ba, da har yau Musulmi suna ƙirga damo cikin haramun. Mu kuwa a nan ƙasar Zamfara ba sai an yi mana dogon sharhi a kan damo ba.

Haka nan begen gida, wanda wasu ɗalibai ke ɓoyewa don suna tsammani rauni ne na imani. Nana A'isha ta ba da labarin cewa da aka yi hijira zuwa Madina, zazzaɓin garin ya kama mahaifinta Abubakar da Bilalu, kuma in zazzaɓin ya saki Bilalu sai ya riƙa ambaton kwarurukan Makka da ruwayenta da duwatsunta. Annabi bai tsawata masa ba. Addu'a ya yi, ya roƙi Allah Ya sa musu son Madina kamar son Makka ko fiye, Ya kuma kawar da cutarta. In Bilalu ya yi begen garin da aka azabtar da shi a ciki, ina laifin yaron da ya kwanta a ɗakin kwanan ɗalibai a Alƙahira ya tuna fura da nonon gidansu?

To, mu komo gida, domin mu ma muna da namu. A Gummi, maƙwabtanmu, aka haifi Shaihu Abubakar Mahmud Gumi, Allah Ya jiƙansa. Ya yi karatu a Makarantar Shari'a ta Kano, wadda aka buɗe a 1934 da malamai daga Sudan, cikinsu har da Shaihu Bashir al-Rayyah, aka kuma sake mata suna ta zama Makarantar Koyon Larabci a 1947. Su waɗannan shaihunan baƙi ne a Kano, sun baro abincinsu da danginsu, sun zauna cikin Hausawa shekara da shekaru, saboda haka ɗalibansu sun ga Balarabe yana koyon zama da mu tun kafin su su je su koyi zama da shi. A cikin 1954 aka tura Shaihu Gumi da wasu abokansa, irin su Malam Halliru Binji, zuwa kwalejin horon malamai ta Bakhtar Ruda kusa da garin Duwaim, a bakin Farin Nilu. Turawan mulki ba su so a tura ɗalibai Masar a lokacin, don tsoron kada su kwaso siyasar can. Daga Sudan ya wuce aikin hajji a 1955, inda ya haɗu da Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello. Ya zama Alƙalin Alƙalan Jihar Arewa a 1962, ya sami lambar yabo ta Sarki Faisal a 1987, ya rasu a 1992. Mutane sun saɓa a kan wasu ra'ayoyinsa, kuma wannan fili ba wurin wannan muhawara ba ne. Abin da nake so a lura da shi guda ne: mutumin da ya ƙware a Larabci har ya rubuta tafsiri da shi, ya zauna da sarakunan Larabawa, mafi girman aikin da ya bari shi ne fassarar Alƙur'ani zuwa Hausa, kuma da Hausa ya yi ta karantarwa a Masallacin Sarkin Musulmi Bello na Kaduna. Ya je ya ɗebo, ya komo ya zuba cikin ƙwaryar da mutanensa suke iya sha. Wannan kuwa shi ne manufar aya ta 122 cikin Suratut Tauba, wadda ta yi umurni wani sashe ya fita neman fahimtar addini domin ya gargaɗi mutanensa in ya komo gare su.

Abin da zai fara girgiza ɗalibinmu a can shi ne harshe. Ya haddace Ajurrumiyya, ya taɓa Alfiyya, wataƙila har ya leƙa Muƙamatul Hariri, amma ran da ya shiga motar haya a Alƙahira ba zai gane abin da yaron mota yake faɗi ba. Mutumin Alƙahira yana mayar da jimun ta zama "ga", ƙafun kuwa ya haɗiye ta ta koma hamza, alhali Basudane "ga" yake yi da ƙafun. Kalmar "aish" a Masar gurasa ce, a ƙasashen bakin Tekun Fasha shinkafa ce, a Sudan kuwa dawa ake nufi. In ya yi musu magana da Larabcin littafi wasu za su yi murmushi, kada wannan ya karya masa zuciya. Ya koyi na kasuwa don sayen abinci, ya riƙe na littafi don karatu, domin shi ya kai shi. Abinci kuwa da sauƙi fiye da yadda ake zato. Asidar Sudan 'yar'uwar tuwo ce, miyarsu ta weka busasshiyar kuɓewa ce, muluhiyyar da Misirawa ke alfahari da ita kuwa lalo ne, wanda yake fitowa a bayan gidajenmu da damina.

Inda hatsarin yake shi ne wajen komowa. Na taɓa samun wani tsohon ɗalibina da ya yi shekara huɗu a waje, ya komo da farar jallabiya da mayafi a ka, abin sha'awa. Ba a yi mako biyu ba ya fara gaya wa ƙannensa cewa babbar riga da hula ba tufafin sunna ba ne, ya daina zama cin tuwo da 'yan gidansu, in ya yi magana rabi Hausa rabi Larabci, har uwarsa ta zo ta same ni tana hawaye. Na kira shi na tambaye shi ko ya taɓa ganin nassin da ya ce Annabi ya ɗaura baƙar igiyar nan da Larabawan Najadu ke ɗorawa bisa mayafi. Ya yi shiru. Sharuɗɗan tufafin namiji sanannu ne: ya rufe al'aura, kada ya zama alhariri, kada a ja shi ƙasa don girman kai, kada ya yi kama da na mata. Babbar riga ta cika su sarai. Yaron nan ya ɗauko al'adar wasu mutane ya ɗora mata rawanin addini, ya zo yana dukan al'adar iyayensa da ita. Alhamdu lillahi, yana da hankali, ya gyara, yanzu yana karantarwa mutane suna amfana.

Akwai kuma wani abu na tsakiya da ya fi wannan wuyar sha'ani, watau saɓanin mazhabobi. Ɗalibin da ya tashi da Ahalari da Ishmawi da Risala zai je ya tarar da Shafi'awa da Hanafawa a Masar, ko Hambalawa a Jami'ar Musulunci ta Madina, wadda aka kafa a 1961. Zai ga ana wasu abubuwa cikin alwala da salla ba yadda ya koya ba. Wani sai ya ɗauka su ne a ɓace, wani kuma ya ɗauka malaman gida ne suka yaudare shi, duka biyu kuwa gaggawa ce. An ruwaito cewa Halifa Abu Ja'afar al-Mansur ya so ya tilasta wa dukkan garuruwan Musulmi bin Muwaɗɗa, Imamu Malik da kansa ya hana, ya kafa hujja da cewa ruwayoyi sun riga sun isa ga mutanen kowace ƙasa, kowa ya riƙi abin da ya zo masa. Shi kuwa Imamul Ƙarafi, babban malamin Malikiyya na Masar wanda ya rasu a shekara ta 684 bayan hijira, ya gargaɗi mai ba da fatawa cikin littafinsa Al-Furuƙ cewa in baƙo ya zo masa daga wata ƙasa, kada ya amsa masa bisa al'adar garinsa shi mai fatawar, sai ya tambayi al'adar garin mai tambaya a cikin hukunce-hukuncen da aka gina bisa al'ada, kamar lafuzzan saki da rantsuwa da ciniki. A ganina ya kamata a karantar da wannan babi ga kowane ɗalibi kafin a ba shi takardar shaidar gamawa.

Kada wani ya fahimci cewa kome yana lanƙwasuwa. Salla biyar a kan lokacinta, da azumi, da nisantar giya da naman alade da zina da riba, da gaskiya cikin jarrabawa, waɗannan ba su san iyakar ƙasa ba. Balaraben da yake karatu yau a Ingila ko Amurka yana iske Juma'a ranar aiki ce, yana iske yinin bazara ya yi tsawo ƙwarai a watan azumi in ya faɗo a lokacin, ga shi kuma ba uba ba ƙane balle wanda zai ƙwanƙwasa masa ƙofa da asuba. Ɗanmu da ya tafi Indiya ko Sin ko Turai irin wannan jarrabawa zai tarar. Haka kuma ba kowace al'adarmu ce za a kare ba: in ɗalibi ya komo ya ce tsafi da duba da cin dukiyar marayu da hana mata gado haramun ne, gaskiya ya faɗa, sai a bi shi ko da yaro ne.

Dattijon nan ya kuma tambaye ni ko ɗansa zai riƙa yin ƙasaru tun da baƙo ne a can. A mazhabar Malik, matafiyi yana ƙasaru a kan hanya in tafiyar ta kai nisan da shari'a ta ƙayyade, amma da zarar ya yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku a wuri, hukuncin tafiya ya yanke, sai ya cika sallarsa. Ɗalibin da ya je zaman shekaru mazauni ne tun ranar da ya sauka, azumi ma ya hau kansa. Mako mai zuwa, in Allah Ya yarda, za mu duba hukuncin salla cikin jirgin sama da yadda ake gane alƙibla a garin da ba masallaci.