Darasin noma: dasa dakwara, itacen ƙaro

Jama'a, darasin wannan fitowar a kan dakwara ne, itacen nan mai ƙaya da ke fid da ƙaro. Yashi da ƙarancin ruwan sama irin na yankin Diffa ba sa damunta. A wajen Maine-Soroa da Gudumariya da kanta take tsirowa a daji. Sudan ce kan gaba wajen sayar da ƙaro a duniya, Cadi da Najeriya na biye. Masu yin lemon kwalba da alawa da magani ne ke sayensa.

Ana tara iri lokacin sanyi, idan kwanso ya bushe. Wajen watan Afrilu a jiƙa shi kwana 1, a zuba biyu-biyu a ledar reno mai yashi da taki. Idan damina ta zauna a Yuli, a yanke ledar a dasa, taku 5 tsakanin wannan da wancan. Akuya ta fi fari yi mata ɓarna, don haka a kewaye ta da ƙaya shekara 2 na farko. Ana iya shuka wake ko gyaɗa a tsakani, domin dakwara na ƙara wa ƙasa ƙarfi.

Ƙaro kuwa sai bayan shekara 4 ko 5. A Oktoba ko Nuwamba, ganye ya fara zuba, sai a ɓare ɗan siririn ɓawo a jikin reshe, kada a sari naman itacen. Bayan mako 4 zuwa 6 a fara ɗiba, a shanya a inuwa bisa tabarma. Ƙaro mai ƙasa ba ya daraja a kasuwa. Itace ɗaya kan ba da kusan giram 250 a shekara, ke nan guda biyar a bayan gida inuwa ce kawai, ba jari ba.

Abin da ya fi muhimmanci a ganina shi ne maganar fili. Yawancinmu gonar aro muke nomawa, kuma mai gona yakan ɗauki dasa itace a matsayin neman mallake masa ƙasa. Kafin a haƙa rami ko ɗaya, ku zauna da shi gaban mai gari da kwamitin filaye na ƙauyen, a rubuta: itacen na wa, ƙaron na wa, in Allah ya sa kun koma gida kafin ya fara bayarwa wa zai gada. Kada kowa ya danna yatsa a takardar da bai san abin da ke ciki ba. Ku kawo ta ofishin kare haƙƙin 'yan gudun hijira, a karanta muku da Hausa ko Barbarci.